Waƙa Kullum, Gaskiya Fa?

Ishiriniyar Alfazazi, wadda ake rerawa a zaurukan unguwar New Bell ta Duwala idan watan Maulidi ya kama, bisa haruffan Larabci aka gina ta, kowane harafi da baitocinsa ashirin. Shi Alfazazi mutumin Andalus ne, ya rasu tun 1230, amma har yau dattawanmu na Duwala suna kaɗa kai da ita bayan lisha. Daga nan muka ɗauko dabara, ni da wasu teloli 'yan'uwana na Kasuwar Kwango: kowace rana ta watan mutum ya tsara waƙar Hausa guda, ya ɗaure amsa-amonta da harafin ranar, ya tura wa sauran ta WhatsApp kafin ya kwanta. Na kai ƙarshen wata, alhamdu lillahi.

Da na kai wa malamin allon unguwarmu littafin da na tara waƙoƙin a ciki, ya jujjuya shi, sai ya ce, "Malam tela, duk abin da ke ciki haka yake a zuciyarka?"

Tambayar tana da tushe. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa da faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka yi aikin ƙwarai, suka yawaita ambaton Allah. Ba waƙar aka hana ba. Ai Hassanu ɗan Sabitu a cikin masallacin Madina yake rera tasa. Ƙaryar aka zarga. To, wanda ya yi wa kansa alkawarin waƙa kullum ya fi kowa kusa da wannan rami. Dare ya yi, an ɗauke wuta, ruwan Duwala yana dukan kwano, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, sun janye daga titi, kai kuma ɗango ɗaya ya rage maka, dole ya ƙare da "za". Nan take amsa-amo zai miƙo maka kalma mai daɗin ji. Sai ka tarar ka rubuta cewa begen Manzo ya hana ka barci, alhali sauro da kuɗin haya ne suka hana ka. Baitin ya zauna daram, kowa zai ce madalla, kuma ba wanda zai kama ka.

Wani abokina yana ganin maganin shi ne a daina tilasta kai, a jira shauƙi ya zo. Ban yarda ba. Mai wuridi ba ya jiran shauƙi kafin ya ɗauki carbi, kuma hadisin Nana A'isha ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Balle mu nan, da 'ya'yanmu suke tashi da Faransanci a makaranta, Hausarsu gauraye da Fillanci da fijin. Tun 1914 da Jamusawa suka tura mutane wannan gefen gari, New Bell matattarar baƙi ce, harshen da ba a mora kullum kuwa zubewa yake. Idan muka jira shauƙi, sai shekara ta wuce ba a rubuta baiti ɗaya da Hausa ba.

Abin da watan ya koya mini shi ne ranar da zuciya ta bushe, bushewar ita ce abin rubutawa. Waƙata ta ranar "ɗa" a kan zaren da ya ƙare mini ana gobe biki take, da yadda na yi sallar la'asar hankalina yana kan keken ɗinki. Ba ta da armashi, ba wanda ya yaba. Ita kaɗai malam ya karanta har ƙarshe, ko da yake ya ce karin ya karye a baiti na uku.

Yanzu abokai suna maganar a sake idan azumi ya zo. Na ce zan shiga, da sharaɗin kada kowa ya tura waƙarsa sai ta kwana, ya sake dubanta bayan asuba.