Idan Masu Ciwo Kaɗan Ne, Shin Haƙƙinsu Ma Kaɗan Ne?

A wata Lahadi da ta wuce, bayan an sallami jama'a daga Misa, wata uwa daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da Wudil ta tsaya a bakin ƙofar majami'a riƙe da kwano, maigidanta kuma yana gefe da ɗan littafin rubuta sunaye. Sun nemi izininmu tun da farko, muka ba su. Gudummawa suke nema domin ƙungiyar iyalan yara masu wani ciwo da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, wato himofiliya, ciwon da ke hana jini tsayawa. Ɗansu na fari ya rasu bayan an yi masa kaciya, jini ya yi ta zuba har rai ya yi halinsa. Na biyun yana raye, amma gwiwarsa takan kumbura ko da bai faɗi ba, kuma sun daɗe suna yawon neman magani kafin wani likita a Kano ya auna jininsa ya gaya musu sunan abin da ke damunsa.

Wasu sun saka abin da ya sawwaƙa, wasu sun wuce. Daga baya maganganu uku suka dawo kunnenmu. Wani ya ce zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara ba adadi, don me za a tara kuɗi saboda ciwon da a gari guda da ƙyar za a sami mutum biyu masu shi? Wata ta ce ai son kai ne, ɗansu suke yi wa, suka fake da sunan ƙungiya. Na ukun ya ce wannan bara ce aka sa wa riga, kuma wa ya san inda kuɗin za su shiga? Waɗanda suka faɗi haka ba mugayen mutane ba ne, kuma tambayoyinsu suna da nauyi. Saboda haka ya kamata mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Amma kafin mu yanke hukunci, sai mu fara sanin ciwon. A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da suke haɗa kai su sa jini ya daskare ya toshe rauni. Likitoci sun ba su lambobi. Wanda jininsa ya rasa na 8 ko na 9, ko kuwa yake da shi kaɗan ƙwarai, shi ne mai himofiliya. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane 10,000 ake haifa da ita. Gado ce, ba a ɗaukarta ta cuɗanya ko cin abinci tare, kuma ba sammu ba ce, ba aikin iska ba. Galibi maza take kamawa, mata kuwa sukan ɗauke ta a jikinsu ba tare da sun sani ba. Idan mace tana ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana iya gadonta, yana kuma iya tsira, rabi da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita ma ba a taɓa ganinta a danginsu ba, a kansu ta fara. Haɗarinta bai tsaya ga yanka da ake gani a fili ba. Jini yakan zuba a cikin gwiwa, da gwiwar hannu, da idon sawu, har gaɓa ta lalace yaro ya gurgunce. In kuwa ya zuba cikin kai, ana iya rasa rai. Maganinta shi ne a yi wa mai ita allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya. Allurar tana da tsada ƙwarai, kuma yawancin wadda take isowa ga marasa lafiya a ƙasarmu kyauta ce daga ƙasashen waje. Idan muka ɗora lissafin nan na ɗaya cikin 10,000 a kan Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200, za mu sami kusan mutum 20,000, alhali waɗanda aka auna aka tabbatar kaɗan ne daga cikinsu. Sauran suna nan a gidaje, ana ce musu masu sanyin ƙashi, ko kuwa an riga an binne su ba a san dalili ba.

To, mu ɗauki magana ta farko, wadda ta fi sauran ƙarfi. Gaskiya ne aljihunmu ba shi da zurfi, kuma kuɗin da zai sayi allura ɗaya ga yaro ɗaya zai sayi gidajen sauro masu yawa. Mai hankali ba ya raina wannan lissafi, domin dukiyar da aka ba mu riƙo za a tambaye mu yadda muka kashe ta. Sai dai akwai abin da lissafin ya bari a baya. Zazzaɓin cizon sauro yana da masu tsaya masa: gwamnati tana da shiri a kansa, ƙungiyoyin duniya suna zuba kuɗi, ana raba gidan sauro kyauta, kowane ƙaramin asibiti ya san alamunsa. Ciwon da ba a cika gani ba kuwa ba shi da kowa. Ɗan kasuwa ba zai ajiye maganin da ba a tambaya ba, ɗan siyasa ba zai yi alkawari ga mutanen da ba su cika ɗaki ɗaya ba, malamin asibitin ƙauye yana iya gama aikinsa bai taɓa cin karo da shi ba. Idan ƙa'idarmu ita ce kullum a ba mafi yawa, to waɗannan yara za su tsaya a ƙarshen layi yau, gobe ma haka, har abada, domin ba ranar da za su yi rinjaye. Ƙa'idar da take hana mutum ɗaya rabonsa kowace rana, komai kyawunta a takarda, ta sauka daga kan adalci. Yawan masu ciwo yana gaya mana girman aikin da ke gabanmu, amma ba shi ne yake ba mutum daraja ba. Zafin da yaron nan yake ji a gwiwarsa da tsakar dare bai ragu ba don babu wani mai irinsa a unguwarsu. Wannan ne darasin misalin makiyayin nan da ya fita neman tunkiya ɗaya.

Har ila yau, ba gaskiya ba ne cewa ƙaramar gudummawa ba ta da amfani a nan. Ba a ce Ikilisiyarmu ta sayi allurar ba. Abin da yake kashe yaran nan tun kafin a kai ga allura shi ne rashin sani da rashin kuɗin mota. Daga Wudil zuwa Kano tafiya ce ta kusan awa ɗaya, amma ga manomin da bai sayar da hatsi ba, tana iya zama tafiyar da ba za a yi ba. Kuɗin mota, kuɗin awon jini, akwatin sanyi na ajiye magani, takardar faɗakarwa da Hausa da za a kai wa wanzamai da ungozomomi: waɗannan duka suna cikin ikonmu. Wanzamin da ya koyi tambaya kafin ya yi kaciya, ko cire beli, ko tsaga, ko an taɓa samun yaron da jininsa ya ƙi tsayawa a dangin uwa, ya ceci rai ba tare da an kashe ko sisi ba. Haka uwar da ta san ba a ba irin wannan yaro asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Da yayyafi kogi kan cika.

Magana ta biyu ita ce ta son kai. Lalle ɗansu ne ya tashe su tsaye, ba su kuma ɓoye haka ba. Amma tun yaushe ƙaunar ɗa ta zama laifi? Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa ƙauna tana da tsari: na kusa da mu sun fi haƙƙi a kanmu, sai fa inda buƙatar na nesa ta fi tsanani. Iyayen da suka tashi domin ɗansu suna kan tsarin da aka halicce mu a kai. Abin dubawa shi ne ko ƙaunar ta tsaya a ƙofar gidansu ko ta wuce. Tarihin wannan ciwo ya nuna cewa alheri mai yawa da aka samu a kansa, daga irin waɗannan gidaje ya fito. Wani mutum mai suna Frank Schnabel, wanda shi kansa aka haife shi da himofiliya, shi ya kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan ciwo a 1963, mai mazauni a birnin Montreal na ƙasar Kanada, kuma ranar haihuwarsa, 17 ga Afrilu, ita aka mayar ranar tunawa da ciwon a duniya tun daga 1989. A nan gida, wata uwa mai suna Megan Adediran, wadda 'ya'yanta maza suke da ciwon, ita ta kafa gidauniyar himofiliya ta Nijeriya a 2005, aka yi mata mazauni a Kaduna. Da waɗannan mutane sun ji kunyar kada a ce son kai suke yi, da yaran da suke samun allura a yau ba su samu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa kwana a zaune yana riƙe da ƙafar yaro mai kuka ba, da wuya ya jure hawa da saukar da wannan aiki yake buƙata. Iyalin da suka ɗauki baƙin cikinsu suka mayar da shi hidima ga 'ya'yan waɗansu sun yi abin da ya cancanci girmamawa.

Game da bara kuwa, mun san mutanenmu masu kunya ne, kuma mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana miƙa hannu. Wannan kunya ado ce, amma tana da iyaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɓoye ciwo ya riga ya ci rayuka da yawa a cikinmu, musamman inda ake tsoron kada a ce dangin wance suna da mugun jini, 'yan matansu su rasa mazan aure, ko miji ya kori matarsa. Bari mu faɗa a fili: matar da ta haifi irin wannan yaro ba ta aikata laifin kome ba, domin ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ma tana ɗauke da ciwon, ɗanta Leopold ya rasu sanadiyyarsa a 1884, daga zuriyarta kuma ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Uwar da ta tsaya a ƙofar majami'a ta faɗi sunan ciwon da bakinta ta buɗe wa wasu iyaye hanyar da za su fito su ma.

Sai magana ta uku, ta inda kuɗin suke shiga. A nan nauyi ya koma kan masu tarawa, kuma ba za mu sassauta musu ba don suna cikin baƙin ciki. Kuɗin jama'a amana ne. Sa'ad da Manzo Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya shirya a haɗa da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. Idan manzo ya yi haka, ina ga mu? Saboda haka muna shawartar kowane iyali mai irin wannan hidima da abubuwa kamar haka. A ƙirga kuɗi a gaban shaidu biyu da ba 'yan gida ba, a rubuta, a kuma karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. A raba aljihun ƙungiya da aljihun gida. In ɗanku ne yake buƙatar taimako a ranar, ku faɗa a sarari, ba abin kunya ba ne, amma kada a karɓa da sunan kowa a kashe wa ɗaya. Kada a ƙara gishiri a labari, kada kuma a yi wa mutane alkawarin cewa kuɗinsu zai warkar da yaro sarai, domin allurar tana tsare shi ne, ana kuma maimaita ta muddin rai. Kada a riƙa yawo da yaro ana buɗe gwiwarsa a gaban taro domin a motsa tausayi. Shi ma mutum ne mai mutunci, zai girma ya tuna. A ƙarshe, kada hidimar waje ta cinye gida, har sauran 'ya'ya su ga kamar lafiyarsu ce ta sa aka manta da su.

Mu kuma masu bayarwa, ba a tilasta wa kowa. Wanda ba shi da shi, ko wanda ya riga ya ɗauki nauyin wani marar lafiya, ba shi da laifi in ya wuce kwanon. Yana da 'yancin tambayar lissafi, kuma tambayar ba cin fuska ba ce. Abin da ba shi da 'yancinsa shi ne ya yi ba'a, ko ya shuka zato ba tare da hujja ba, ko ya ce wa uwar da ta binne ɗa masu irin ciwon ɗanta ba su kai a damu da su ba. Wanda ba shi da naira yana da ƙafa da baki: ya raka su asibiti, ya gaya wa wanzamin unguwarsu, ya ba da jini idan ana buƙata.

Tun daga 2008 aka keɓe ranar ƙarshe ta watan Fabrairu domin tunawa da masu cututtukan da ba a cika gani ba, aka kuma fara da 29 ga wata, ranar da ita ma sai bayan shekara huɗu take zagayowa. Muna roƙon Zumuntar Mata, da matasa, da katikis na kowane ƙauye su sa wannan rana da ta 17 ga Afrilu cikin shirinsu, su kuma bincika a hankali, cikin rufin asiri, ko akwai gidan da yaro yake yawan kumburin gaɓa ko zubar jini, Kirista ne ko Musulmi, a nuna musu hanyar asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma sa mu zama masu riƙon amana. Amin.