Baiwa ko Horo: Abin da Hannun Makaɗi Yake Koyarwa

A ƙasar Kurfai, idan mai goge ya ƙware har kiɗansa ya sa tsigar jiki ta tashi, abin da jama'a kan ce shi ne baiwa ce, ko kuwa gado ne. Maganar tana da daɗin ji, sai dai tana rufe wata tambaya da ta shafi duk mai koyo da mai koyarwa: shin ƙwarewa kyauta ce da ake haihuwar mutum da ita, ko kuwa hali ne da ake ginawa? In hali ne, wane iri?

Ana iya fara neman amsa daga wani abin kiɗa da ba na ƙasar Hausa ba, wato marimba, ƴar uwar balafon ta ƙasar Mande. Babbar marimba ta zamani tana da falankan katako 61 a jere, kowane da muryarsa, makaɗin kuma yakan riƙe ƴan sanduna huɗu, biyu a kowane hannu. Idan ɗalibi ya gamu da kiɗa mai wuya, malaminsa ba ya barinsa ya yi ta kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Sai ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya koya wa hannun dama rabonsa, ya koya wa na hagu nasa, sannan ya haɗa su. Yana farawa a hankali ƙwarai, da taimakon wata ƴar na'ura mai ƙidayar bugu, kuma ba ya ƙara sauri sai gunduwar ta fita sau da yawa a jere babu tangarɗa. Dalili kuwa shi ne, hannu ba ya rarrabe daidai da kuskure. Abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa, kuma kuskuren da ya zauna a yatsa ya fi wuyar cirewa a kan wanda bai shiga ba tukuna. Hausawa sun riga sun ce sauri ya haifi nawa.

Makaɗan kwarin Dallol Boso, daga Tabla har Filinge, sun san wannan ba tare da littafi ko na'ura ba. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsarkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, kuma babu wata alama da ke nuna wa yatsa inda zai taɓa. Kunne ne kaɗai jagora. Shi ya sa mai koyo yakan daɗe zaune kusa da maigidansa yana buga ƙwarya, yana sauraro, har take ya zauna masa a ka kafin ya sauka a hannu. Haka abin yake a gidan masu kalangu: yaro yakan fara da ƙaramar ganga, yana riƙe bugu ɗaya tak, kuma sai bakinsa ya iya faɗin kirari kafin kalangu ya faɗe shi.

A nan ne batun ya zama na ɗabi'a. Mai koyo idan ya kaɗaita, zuciyarsa takan ja shi zuwa sashen da ya riga ya iya, domin shi ne mai daɗin kunne, ya bi ta kan mai wuyar da gudu kamar mai tsallake kwata. Babu wanda ya gan shi, babu wanda zai tuhume shi. Amma ƙarya ce ya yi wa kansa, kuma ranar biki a gaban jama'a za ta tonu. Wanda ya koma daidai wurin da yake tuntuɓe, ya rage sauri har ya ji kuskurensa da kunnensa, ya yarda ya ga kasawarsa ke nan. Wannan gaskiya ce da haƙuri, kuma su biyun koyonsu ake yi.

Wani zai ce yawan maimaici yana kashe basira, yana mayar da yaro aku. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma duk malamin da ya ji aji yana rera jadawalin aikatau na Faransanci ba tare da fahimta ba ya san haka. Bambancin yana ga kunne. Aku yana maimaitawa ba ya sauraron kansa. Makaɗi kuwa kowane zagaye tambaya yake yi: ina aka gyaru, ina ya rage? Kuma sai hannu ya daina tunanin inda zai faɗa sannan makaɗi ke samun sukunin yin ado da salon kansa.

Tarihin Malam Maman Barka ya isa misali. Malamin makaranta ne, kuma ya riga ya yi suna da gurumi a duk faɗin Nijar. Duk da haka, a shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi yankin tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, dattijon da ya rage cikin masanan biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar. Da baiwa ta wadatar, da bai koma ɗan koyo ba bayan ya shahara. Kafin rasuwarsa a 2018 ya kai biram dandalin ƙasashen Turai.

Babu mai musun cewa kunnuwa sun bambanta, wani ya fi wani saurin kamawa. Amma kalmar baiwa tana da haɗari a bakin malami. Tana ba rago uzuri, tana sa mai saurin kamawa ya raina aiki, tana kuma sa a yanke ƙauna ga yaron da bai kama da wuri ba, alhali wataƙila ba a taɓa yanka masa darasin gunduwa-gunduwa ba. Malamin da ya nuna wa ɗalibi daidai wurin da yake tuntuɓe, ya kuma zauna tare da shi a wurin har ya wuce, ya sauke nauyin da ke kansa, ko makaɗi ne ko mai alli.