Shaidar Zur a Kan Maganar Gaskiya

Duk wanda ya taɓa zama ya gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa ya san matsalolinta iri biyu ne, akwai na na'ura, akwai na mutane. Na na'ura ba su da wuyar magani. Ka gama rubutu ka danna adanawa, sai a ce maka wani ya riga ka taɓa shafin. Ka kwafe naka ka ajiye a gefe, ka karanta nasa, sannan ka haɗa. Wata rana ka tarar an toshe ka alhali ba ka yi komai ba, saboda lambar da intanet ke gane wayarka da ita ba kai kaɗai ke amfani da ita ba, wani can ya yi ɓarna aka haɗa da kai. Ka rubuta wa masu gudanarwa ka yi bayani, a buɗe maka. Ko ka iske maƙala biyu a kan abu ɗaya, don wani ya rubuta take da ƙ mai lanƙwasa, wani kuma wayarsa ba ta da ita. A haɗe su, a bar ɗaya tana nuna hanyar ɗayar. Mu a nan Yawunde har da ɗauke wuta, shi ya sa na koyi fara rubutu a littafin aljihu.

Waɗannan duk wanda ya riga ka farawa zai koya maka su a zama ɗaya. Wadda nake so mu duba tare ta mutane ce, kuma ni ne mai laifi a cikinta. Tambayar ita ce: idan ka tabbata magana gaskiya ce, amma an ƙi karɓarta sai da takarda, shin ya halatta ka ƙirƙiro mata takardar?

A Briqueterie aka haife ni, unguwar da mutanen Ewondo ke kira Ekoudou, mu kuma a taƙaice muke cewa Birik. Sunan daga Faransanci yake, ma'anarsa wurin yin bulo, domin an yi masana'antar bulo a nan tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, suka bar garin a farkon 1916. Fatake Hausawa sun gangaro daga Adamawa ta Tibati da Yoko, wasu suka sauke kaya ba su sake ɗaurawa ba. Yau in ka tambayi mutumin Yawunde me ya sani game da unguwarmu, zai ce maka tsire da masallatai da teloli. Wannan ne ya dame ni. Na ga abin da aka rubuta a kanmu bai taka kara ya karya ba, sai na ce bari in ƙara.

Na je wurin kakata. Na ce, "Iya, yaya aka yi mutanenmu suka zauna a nan?"

Ta ce, "Maigida, yau kuma kai ne da tambayar tsofaffi? Ai ba nan zango ya fara ba. Can wajen tsakiyar gari yake, Nasara ya tashe su. Mahauta ne suka fara tarewa, saboda ruwa. Babanmu ya faɗa, kuma da ƙafarsa ya yi ƙaurar."

Na rubuta jimla uku. Kafin gari ya waye wani edita da ban sani ba ya cire su, ya bar gajeren bayani cewa babu madogara. Na mayar, ya sake cirewa. Na mayar, ya cire, ya kuma roƙe ni mu je shafin tattaunawa. Wannan ja-in-ja sananniya ce a wurin, har a Wikipedia ta Ingilishi aka kafa doka cewa kada mutum ya soke gyaran wani fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. Ban je tattaunawar ba. Raina ya ɓaci, ina ganin wani da bai taɓa shaƙar hayaƙin tukubar Birik ba ya ƙaryata kakata.

Akwai wani littafin Faransanci a kan tarihin Yawunde da na san sunansa da sunan marubucinsa, amma ban taɓa buɗe shi ba. Na mayar da jimlolin nan uku, na liƙa musu sunan littafin, na zaɓi lambar shafi daga kaina. Ba a sake cirewa ba.

Ga hujjar da na ba kaina a lokacin, kuma har yanzu ban ce ba ta da nauyi ba. Wikipedia, wadda aka buɗe a ranar 15 ga Janairun 2001, ginshiƙinta shi ne a rubuta abin da mai karatu zai iya bin sawunsa zuwa wata majiya da aka wallafa, kuma kada edita ya kawo binciken kansa. To amma wa ya wallafa tarihin irinmu? Jami'in mulkin mallaka da ɗan mishan da malamin jami'a. Abin da suka ga dama suka rubuta ya zama hujja, abin da suka tsallake ya zama jita-jita. Kuma su kansu daga bakin wa suka ji? Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, wanda masana ke ta kafa hujja da shi, an rubuta shi ne da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma mafi yawansa daga abin da aka gada a baki aka tattaro shi. Ashe maganar Iya da ta wancan littafi asalinsu ɗaya, sai dai ita ba ta samu mai alƙalami ba. Ba ni kaɗai na ga wannan giɓi ba. A 2011 wani mai bincike ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya yi gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu na kafa hujja da hirar da aka naɗa daga bakin mutane, don ya nuna ilimin duniya ya fi ƙarfin abin da ke cikin ɗab'i. Sai na ce wa kaina, ni ban yi ƙarya a kan Birik ba, riga kawai na ara wa gaskiya don a bar ta ta shiga fada.

Haka na zauna da kwanciyar hankali kusan wata huɗu. Ran nan bayan sallar isha'i muna majalisa, hira ta gangaro kan tarihin unguwa. Wani dattijo, tsohon maɗinki, ya ce shi abin da ya ji daga iyayensa malamai ne suka fara tarewa, aka kafa wurin salla, sannan masu sana'a suka biyo. Sai wani saurayi ya zaro waya ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, mahauta ne. Ga shi a rubuce, har da littafin Bature da lambar shafi." Dattijon ya kalli wayar, bai iya karanta boko ba. Ya ce, "To, tunda takarda ta faɗa." Bai sake magana ba har aka tashi.

Na koma gida na kasa barci. A daren nan na fara ganin abin da na yi daki-daki.

Da farko dai, madogara ita ma magana ce mai zaman kanta. Wanda ya rubuta "mahauta ne suka fara tarewa" sannan ya sa sunan littafi, magana biyu ya yi. Ta farko a kan mahauta. Ta biyu kuwa cewa yake yi, na buɗe littafi kaza, shafi kaza, na gani da idona. Ko da ta farkon ta tabbata, ta biyun ƙarya ce tsagwaronta. A gaban alƙali, wanda ya rantse ya ga abin da bai gani ba shaidar zur ya yi, ko da daga baya ta bayyana wanda ake ƙara shi ne ɓarawon. Malaman hadisi sun daɗe da warware wannan. Suna ba da labarin Nuhu ɗan Abu Maryam, wanda aka ce ya ƙirƙiro hadisai a kan falalar surori, da aka tambaye shi ya ce ya ga mutane sun shagala da wasu littattafai ne, yana so ya dawo da su ga Alƙur'ani. Niyyarsa ba ta sa sun karɓa ba. Sun lissafa irin wannan cikin mafi haɗarin ƙirƙira, saboda mutane sun fi sakin jiki da mai kyakkyawar niyya.

Sai kuma tabbacin da nake taƙama da shi. Me na sani a haƙiƙa? Na san Iya ba ta ƙarya. Wannan daban yake da sanin cewa mahauta ne suka fara tarewa. Ita ji ta yi daga mahaifinta, shi kuma abin da ya gani daga inda yake tsaye ya faɗa. Dattijon majalisa shi ma daga iyayensa ya ji. Ruwaya biyu ce masu nauyi ɗaya, mai yiwuwa ma kowace tana da rabonta na gaskiya. Ni na ɗauki ɗaya na ɗora mata dutsen da ba nata ba, sikeli ya rinjaya. Da na bar su a baki, da an yi ta muhawara, wani ya tuno wani abu, wani ya ce a tambayi wance. Lambar shafin da na ƙaga ta rufe wannan ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na uku. Na tashi ne don in kare ilimin baka daga raini. Me na ƙare da shi? Na cire sunan kakata daga maganarta, na ba wani Bature da bai faɗe ta ba. Na zalunce shi, don na sa masa magana a baki. Na zalunce ta, don na yarda a aikace cewa maganarta ba ta isa ta tsaya ba sai da rawanin aro. Sannan na miƙa wa yaro sandar da ya rufe bakin dattijo da ita. Rainin da nake kuka da shi, da hannuna na ƙara masa ƙarfi.

Daga nan ne na sake duba editan da na yi fushi da shi. A unguwa, amana da fuska take tafiya. Mai tsire zai ba ka bashi don ya san gidanku, ya san ubanka. In Iya ta yi magana, shekarunta da halinta su ne madogararta. Amma kundin da kowa ke iya gyarawa kasuwar baƙi ce, ba wanda ya san gidan wani. Mutumin nan bai ce kakata maƙaryaciya ce ba. Abin da ya ce shi ne ba shi da hanyar bambance ni da maƙaryaci, kuma ga shi na tabbatar masa da tsoronsa. A 2022 an gano wata edita a Wikipedia ta Sinanci da ta shafe kimanin shekara goma tana ƙaga tarihin Rasha na zamanin da, maƙaloli sama da 200, tana haɗa gaskiya da ƙirƙira, tana jingina su ga littattafan da masu dubawa ba sa iya karantawa. Tsakanina da ita bambancin yawa ne kawai. Ta ƙofar da ta shiga na shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa dokar ba ta da aibi. Tana da shi, kuma mu ne muke ɗanɗana shi. Duk tsohon da muka kai makwanci ya tafi da abin da ba za a taɓa samun lambar shafinsa ba. Sai dai rashin adalcin doka ba ya mayar da yaudarar mai karatu halal, domin ba dokar ce ke cutuwa ba, mutum ne irin dattijon majalisarmu. In takarda ce babu, aikin da ke gabanmu shi ne mu samar da ita ta hanyar gaskiya: a naɗi muryar tsofaffi da izininsu, a rubuta ranar da wurin, a tattara ruwayoyin da suka saɓa wa juna ba tare da an danne ɗaya ba, a kai wa jarida ko gidan rediyo ko ɗalibin tarihi a jami'a ya tace ya wallafa. Hanya ce mai nisa, wataƙila shekaru. Wanda ya gaji kafin ya kai ba zan zarge shi ba, amma gajiya ba ta ba shi izinin yanke ta inda na yanke.

Da safe na buɗe shafin na cire jimlolin. Na shiga shafin tattaunawar da na ƙi zuwa, na rubuta cewa madogarar nan ni na ƙage ta, ban taɓa karanta littafin ba. Kowane gyara yana nan a tarihin shafi da sunan mai shi da lokacinsa, don haka abin kunyar ba ya gogewa. Duk mai so zai iya komawa ya gani. Editan ya amsa da layi ɗaya, ya yi godiya, ya ce in na samu majiya zai taya ni tsara ta.

Zuwa wurin dattijon ya fi wuya. Na same shi a bakin shagon ɗansa, na durƙusa na ce, "Baba, takardar nan da aka nuna muku, ni na rubuta, kuma ba ta da tushe. Ku yafe mini." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma fa malamai ne." Na ce in ya yarda zan dawo da waya in naɗa. Ya ce in zo bayan la'asar, kuma in taho da goro.

Yanzu ina da murya biyu a ajiye, tasa da ta Iya, kuma ba su daidaita ba. Shafin yana nan da giɓinsa. Iya ta tambaye ni ko an sa maganarta a cikin na'urar, na ce tukuna. Ta ce, "To ka hanzarta, maigida, ni ba zan yi ta jiranka ba."