Aibin da Aka Ɓoye: Alhakin Mai Sayar da Tsohuwar Mota

Cinikin tsohuwar mota tsakanin mutum da mutum, wato wanda ba kamfani ko mai shagon motoci ne ya sayar ba, yana da tsarin da aka saba da shi daga Kano har Maraɗi: dillali ya haɗa mai mota da mai saye, bakanike ya buɗe gaban mota ya saurari ƙarar inji, a ɗan zaga gari da ita, a yi tayi a sallama, sannan a rubuta takarda gaban shaidu cewa an sayar da ita yadda take. Rigima takan taso ne bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da giya ta fara ƙin shiga ko inji ya kama shan mai yana hayaƙi, mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa kuma ya ce ai da idonsa ya gani kafin ya biya. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan jayayya ta addini ce kafin ta zama ta kotu, domin ana son sanin ko shirun da mutum ya yi a kan aibin da ya sani yana cikin ha'inci.

Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda dokokin ciniki na Nijeriya suka samo tushe daga gare ta, ta ɗora nauyin lura a kan mai saye, kuma sharaɗin ingancin kaya da ta tanada ya fi shafar wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan, ta yadda wanda ya sayar da motar hawansa ba kasafai ake kama shi ba sai in ya faɗi ƙarya ƙarara. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan kotunan shari'a na Arewa suke hukunci da shi ta hanyar littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, bai bambanta ɗan kasuwa da wanda ba ɗan kasuwa ba a nan. Asalin kowane ciniki shi ne kaya su zama lafiyayyu, saboda haka mai saye yana da abin da ake kira khiyarul aibi, wato zaɓin ya riƙe kayan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa idan aibin da ya girmi cinikin ya bayyana, matuƙar yana rage daraja kuma bai san da shi ba. Sai dai al'ada ce ma'aunin aibi, shi ya sa sanƙon taya ko kwarzanen fenti a motar da ta shekara 20 ba abin kai ƙara ba ne, amma fasasshen inji da aka liƙe, ko motar da ambaliya ta taɓa shanyewa, aibi ne a idon kowane mai hankali.

Wurin da malamai suka fi daɗewa shi ne sharaɗin bara'a, wato mai sayarwa ya wanke kansa tun farko daga duk aibin da zai bayyana, wanda shi ne ainihin abin da takardar "yadda take" take son cimmawa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa wannan sharaɗi, mai saye ya tarar da wata cuta, aka kai ƙara gaban Halifa Usmanu ɗan Affan, shi kuma ya hukunta cewa Ɗan Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Halifan bai soke sharaɗin ba, bai kuma bar shi ya zama mafaka ba. Ya rataye hukuncin ne a kan sanin mai sayarwa. Hanafawa sun halatta bara'a daga kowane aibi, Shafi'awa sun taƙaita ta ga ɓoyayyen aibin dabba da mai ita bai sani ba, mashahurin zancen Malikiyya kuwa ya tsayar da ita a kan bayi kaɗai, wanda ke nufin takardar da ake rubutawa a bakin gareji ba ta da ƙarfin da masu rubuta ta suke zato. Khalil ya ma wajabta wa mai sayarwa ya fayyace aibin da ya sani dalla-dalla, kada ya dunƙule shi, don haka wanda ya ce motar tana da 'yan matsaloli alhali ya san giya ce ta mutu bai sauke nauyi ba.

Abin da ya fi shiru muni shi ne tadlisi, wato yin dabara don aibi ya ɓuya ko kaya su nuna kyan da ba su da shi. Misalinsa a hadisin Bukhari da Muslim shi ne dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a ranar kasuwa, inda aka ba mai saye damar mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Mai motar da ya zuba baƙin mai mai kauri don ƙwanƙwasar inji ta lafa na kwana biyu, ko ya sa aka mayar da lambar tafiyar mota baya, ko ya cire ƙwan gargaɗin da ke kunnuwa gaban direba, aikinsa ɗaya da mai waccan dabba. Malikiyya sun tsananta masa: idan kayan suka hallaka a hannun mai saye saboda aibin da aka ɓoye, asarar ta mai sayarwa ce, kuma kuɗin ciniki duka zai mayar. Dillalin da ya san aibin ya yi gum don kada la'adarsa ta kuɓuce yana da kasonsa na zunubin.

Mai saye shi ma ba a sake masa linzami ba. Idan ya ga aibin ya ci gaba da hawan motar ko ya sa ta kabu-kabu, an ɗauka ya yarda, sai fa matafiyin da aibin ya riska a hanya ba shi da yadda zai yi. Abin da ya samu na haya kafin ya gano aibin nasa ne, domin a wannan lokacin, da motar za ta ƙone ko a sace ta, shi zai yi asara. Idan kuma wani sabon lahani ya same ta a hannunsa, yana da zaɓin ya riƙe ta ya karɓi arshi, wato bambancin kuɗin lafiyayya da mai aibi, ko ya mayar da ita ya biya abin da ya lalace a wurinsa.

Wahalar da ke gaban alƙali ita ce tabbatar da cewa aibin tsoho ne, kuma a nan maganar mai sayarwa ake kamawa sai in masana sun shaida akasin haka. Masanin wannan zamani shi ne bakanike, wanda daga tsatsar ƙusa ko sabon walda zai iya cewa gyara ya kwana biyu, ko da yake bakaniken da ya duba motar ranar ciniki ya karɓi na goro daga mai ita bai cancanci a saurari shaidarsa ba. Inda shaida ta gaza sai a koma ga rantsuwa, kuma jumhurin malamai sun tafi a kan cewa hukuncin alƙali ba ya halatta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne. Wanda ya rantse a kan ƙarya ya fita daga kotu da nasara, rarar kuɗin da ya karɓa a kan aibin da ya ɓoye haram ce a hannunsa, kuma wajibi ne ya mayar wa mai saye ko magadansa.