Ɓarnar da babu wanda ya yi niyya

'Yan uwa, murjani halitta ce mai rai. Idan teku ya ɗumama na makonni, sai ya kori ƙananan tsirran da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, har ya mutu.

A 2018 Tailan ta rufe gaɓar Maya, bayan jiragen 'yan yawon buɗe ido da masu iyo sun lalata da yawa daga murjaninta.

To wa ke da laifi? Kowa cewa zai yi, "Ni fa kallo na zo." Amma a fiƙihu, wanda ya lalata kayan wani bisa kuskure ba shi da zunubi, sai dai dole ya biya. Murjani gidan kifi ne, kifi kuma abincin masunta. Kuɗin tikiti bai biya wannan ba.

Allah ya sa mu gane.