HAƘƘIN HANYA: FITILAR MOTA AMANA CE A WUYAN DIREBA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya sanya dare lokacin hutu, Ya sanya rana lokacin neman abinci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi wani abu da mutane da yawa ba su ɗauke shi a cikin sha'anin addini ba, watau fitilar mota. Hausawa sun ce dare mahutar bawa, amma yau ga motocin haya da manyan tireloli suna kwana bisa hanya, daga Kano zuwa Maiduguri, daga Funtuwa zuwa Gusau, daga Kaduna zuwa Legas. Shari'a ba ta hana tafiyar dare ba. Abin da ta hana shi ne mutum ya jefa kansa ko waninsa cikin halaka, kamar yadda aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta yi gargaɗi. Direban da ya kama hanya da dare, bayan kiyayewar Allah, ba shi da wani ido sai fitilarsa.

An ruwaito cikin Buhari da Muslim, daga Abu Sa'idil Hudri, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci masu zama bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, ya kuwa lissafa kame cuta daga mutane a cikin haƙƙoƙin nan. To, idan an ɗora wa wanda ke zaune wannan nauyi, ina ga wanda ke sheƙa gudu da ƙarfe mai ɗauke da rayuka? Haka kuma ya zo daga Abu Musal Ash'ari cewa an umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya soki wani Musulmi. Mai kibau bai yi nufin sukar kowa ba, amma duk da haka an wajabta masa yin hattara. Hasken da direba ke dallara wa ɗan'uwansa a ido ya shiga ƙarƙashin wannan ma'ana, domin ya kan makantar da shi na ɗan lokaci, kuma a cikin ɗan lokacin nan ne ake rasa rayuka.

Ya kamata mai karatu ya san lissafin abin. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan haske ya ɗauke wa direbanta gani na daƙiƙa 3 kacal, ya yi tafiyar fiye da mita 80 bai san abin da ke gabansa ba. Ko mai keke ne, ko amalanke, ko makiyayi da shanunsa, sai dai a ji labari. Sa'an nan ƙaramin haske, wanda direbobi ke kira dim, bai cika haska abin da ya wuce mita 50 ko 60 ba, alhali kuwa motar da ke wannan gudu tana bukatar fiye da mita 70 kafin ta tsaya cik, ko da burkinta lafiya lau yake. Ashe ke nan mai irin wannan gudu da ƙaramin haske ba zai ga abu ba sai lokacin tsayawa ya riga ya wuce. Maganin wannan shi ne ya rage gudu daidai da iyakar abin da fitilarsa ta nuna masa.

Ladubban fitila sanannu ne ga ma'abota tuƙi. Babban haske na hanyar daji ne, inda babu kowa a gaba. Da zarar an hango mota tafe, sai a rage. Haka nan idan ana bin bayan wata, domin hasken yana faɗawa cikin madubin na gaba ya dame shi. Cikin gari ma a rage, saboda masu tafiya a ƙasa. A lokacin hazon hunturu ko ruwan sama mai ƙarfi, babban haske ba ya ƙara gani, sai ma ya bugi ƙurar ya dawo wa mai shi a ido. Idan kuwa wani ya ƙi rage nasa, kada a ce sai an rama, domin makafi biyu ne za su tunkari juna. Abin da ya dace shi ne a kawar da ido zuwa gefen hanya na dama, a sassauta gudu har ya wuce. Haƙurin daƙiƙa kaɗan ya fi zaman makoki.

Kula da lafiyar fitila kuwa yana cikin riƙon amana. Fasinjan da ya biya kuɗi a tasha ya ba direba amanar ransa, bai kuwa duba fitila ba kafin ya shiga. Wajibi ne mai mota ya duba kafin magariba ta yi masa a hanya: fitilun gaba biyu, da danja ta baya, da sigina. Mota mai ido ɗaya babbar masifa ce, domin mai zuwa ya kan zaci babur ne, ya ba ta ɗan wuri kaɗan, sai a yi karo. A goge ƙura da laka daga gilashin fitila, in kuma ya dushe ya yi ruwan ɗorawa saboda rana, a kai a wanke ko a sake. A kai wa mai gyara ya daidaita saitinta, domin kaya in sun yi wa mota nauyi a baya, gabanta ya kan ɗaga, ƙaramin haske ya koma cikin idon jama'a. Tun shekarar 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da aka ƙera domin ƙasashen da ke bin hagu, irin su Ingila da Japan, fitilarta ta kan karkata wajen masu zuwa, sai an gyara ta. Masu ƙara wa mota fitilu masu tsananin haske don ado su ma su ji tsoron Allah. Wanda kuma motarsa ta lalace da dare, ya kawar da ita daga kan kwalta in da hali, ya kunna fitilun gargaɗi, ya kafa alama mai ƙyalli da nisa. Ganyen da ake zubawa ba a ganinsa cikin duhu.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne kome da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma ƙaddara ba ta zama hujja ga mai sakaci. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya yi tawakkali. Gyaran fitila shi ne ɗaurin raƙumar direba.

Malaman fiƙihu ma ba su bar wannan babi ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana cikin Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamuncewa abin da ta tattake. A kan irin wannan asali ne malaman zamani suka gina hukuncin mota. A shekarar 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar kuwa a yau azumin wata 2 ne a jere. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Mai hankali ya auna wannan da kuɗin ƙwan fitila guda.

Nauyin bai tsaya kan direba kaɗai ba. Mai motar da ya hana kuɗin gyara yana da nasa kaso na alhaki. Shugabannin tasha su hana mota marar fitila yin lodin dare. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da 'yan sanda, su tuna cewa wanda ya karɓi na goro ya saki irin wannan mota ya sayar da rayukan da ke cikinta. Fasinja ma yana da bakin magana, domin hani da mummuna yana cikin haƙƙin hanya.

Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane duka. Direban da ya rage fitilarsa domin ɗan'uwansa, da niyyar neman yardar Allah, ana kyautata zaton yana da rabo a cikin wannan lada, ko da ba su san juna ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin. Allah Shi ne Mafi sani.