Himma da Al'ada: Wacce ke Kai Mutum ga Muradinsa?

Akwai wata mas'ala wadda a zahirinta ƙarama ce, amma idan aka tona ta sai a tarar ta shafi rayuwar kowane baligi mai hankali, watau shin abin da ke kai ɗan Adam ga muradinsa himmar nan ce da takan taso masa lokaci guda, ta hana shi barci, ta sa ya ɗauki alkawura masu nauyi, ko kuwa ɗan aikin nan ne da ya saba yi yau da kullum, wanda ba ya jawo yabo, ba ya kuma ɗaga hankalin kowa. Ra'ayina shi ne himma ita ke buɗe ƙofa, amma ba ta taɓa kai kowa ƙarshen tafiya ba, kuma hujjar wannan magana tana nan a cikin zaurukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ba sai an je nemanta wata ƙasa ba.

A duba makarantar allo. Yaro yakan tashi da asuba, bayan salla ya ɗauki allonsa ya zauna gaban malam, a biya masa, ya koma gefe yana maimaitawa har hantsi ya ɗaga. Da la'asar a dawo, bayan lisha kuma a sake zama, a da can a bakin wutar kara, yanzu a gaban fitila. Idan karatun ya zauna, malam ya saurara ya gamsu, sai ya ce a wanke, yaro ya wanke allo, ya jingine shi a rana ya bushe, ya fiƙe alƙalaminsa, ya tsoma a tawada, ya rubuta na gaba. Alhamis da Juma'a a huta. Alƙur'ani mai girma izu 60 ne, kowane izu kuma sumuni 8, jimla sumuni 480 ke nan; wanda ya yi lissafi da gaggawa zai ce ashe mai ɗaukar sumuni ɗaya a yini, kwana biyar a mako, ba zai cika shekara 2 ba sai ya haddace. Amma duk gardin da ya san kan abin zai yi murmushi kawai, domin ya san ba ƙarin sabo ne wahalar ba, riƙon tsoho ne, kuma saboda haka ne aka aje tilawa, aka sa mai hadda ya riƙa komawa baya kullum yana bin abin da ya wuce, har wani ya ƙaurace wa gari ya shiga kiskadi don kada hira ta cinye masa rabon yininsa. Alaramman da ke iya zama ya rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga Fatiha har Nasi, da wasullansa da alamominsa a riwayar Warshu, ba wata rana guda ce ta ba shi wannan ba; yau da gobe ce, wadda Hausawa suka ce ta fi ƙarfin wasa.

Magabata sun yi bayanin sirrin da ke cikin wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya nuna cewa hali nagari yakan fara ne da tilasta wa rai, mutum yana yin abu da nauyin jiki, har ya wayi gari abin ya zame masa ɗabi'a yana jin daɗinsa, kuma a littafinsa Bidayatul Hidaya ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya, don kada wata sa'a ta wuce ba a san abin da aka aje mata ba. Ibnu Haldun kuwa ya tafi a kan cewa kowace sana'a da kowane ilmi malaka ce da ke kafuwa a cikin mutum ta hanyar maimaici. Sama da waɗannan duka, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ya tabbatar da cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa a wurin Ubangiji.

Tarihin wannan yanki ma ya shaida. Mutane sukan tuna da shekarar 1808 da Alƙalawa ta faɗi, su ambaci jarumtakar Namoda na Alibawa, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, domin labarin yaƙi yana da daɗin ji. Ba kasafai ake tuna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijirar 1804 ba, cikinsu har da kimanin shekara 5 a ƙasar Zamfara, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa majalisan mahaifinsa suna da lokutansu sanannu, na wa'azi ga jama'a daban, na darasin ɗalibai daban. Shi ya sa nake mamakin masu zaton wai kiyaye lokaci baƙon abu ne da ya zo mana tare da agogon Bature. Gaskiya ne jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, ta Zariya da Gusau, ya koya wa fataken gyaɗa da auduga cewa akwai abin da ba ya jiran kowa. Amma ya tarar da mutanen da ladan ya riga ya raba musu yini kashi biyar tun kaka da kakanni, manominsu ya san ranar shuka da ta noman farko da ta maimai, ɗan kasuwarsu ya san Alhamis ta Shinkafi ce.

To, sai dai akwai abin da mai adalci ba zai ɓoye ba: al'ada tana da nata ciwon, sunansa gafala. Malaman fiƙihu sun ce amfanin niyya shi ne rarrabe ibada da al'ada, kuma wannan magana ta fi zurfi fiye da yadda ake ɗaukarta a darasin Ahalari ko Ishmawi, domin tana nuna cewa aiki ɗaya, da siffa ɗaya, yana iya zama mai rai a hannun wani, gawa a hannun wani. Sau da yawa mutum yakan idar da salla bai san surar da ya karanta ba, ɗalibi yakan shekara yana zuwa aji a kan lokaci ba tare da ya taɓa tambayar kansa abin da ya ƙaru da shi ba, kai, har mai zaman banza a gindin bishiya ma ai yana da tsarinsa, ba ya makara, ba ya fashi. Saboda haka dawwama kaɗai ba falala ba ce. Wajibi ne a haɗa ta da muhasaba, mutum ya riƙa zama lokaci-lokaci yana auna abin da ya saba da abin da yake nema, ya ga ko hanyar tana fuskantar inda ya nufa. Wanda kuma ya ce ai komai muƙaddari ne, to ya faɗi gaskiya, amma riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma ban taɓa ganin mai wannan hujja ya ƙi cin tuwon dare yana jiran ƙaddara ta ƙosar da shi ba.

Abu na ƙarshe ya fi waɗannan nauyi. Tsarin yau da kullum ba ya tsayuwa sai da aminci, kuma shekarun nan na 'yan bindiga sun nuna wa mutanen Zurmi da Shinkafi haka ta hanya mai ɗaci: gonakin nesa sun zama abin tsoro, ƙauyuka sun watse, a shekarar 2021 har an rufe kasuwannin mako an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Zalunci ne a tsaya a kan wanda aka raba da gonarsa da makarantar 'ya'yansa ana yi masa wa'azin rashin himma, alhali ba lalaci ne ya rushe masa tsari ba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta mayar wa talaka da asubarsa da hanyar gonarsa, haƙƙi ne kuma a kan duk garin da ya karɓi 'yan gudun hijira ya buɗe wa yaransu zauren karatu tun makon da suka sauka, kada a ce sai ƙura ta lafa, domin karatun da aka bari wata shida ba tilawa, sai an sake shi daga tushe.